Tekila: wai me suke sunsunawa a kofin nan, kuma me ya kawo tsadar?

Tun da na ba da labarin wata liyafar wajen aiki da aka yi mana a wani gidan abincin 'yan Meziko a nan Amurka ake ta min tambayoyi. Abin da ya faru shi ne an kawo wa abokan aikina wani ɗan katako ɗauke da ƙananan kofuna huɗu na tekila, ɗaya fari tas kamar ruwa, na ƙarshe kuma kalar shayi, suka zauna suna ta sunsunawa suna gardama kusan awa guda, ni ina gefe da lemona ina kallon ikon Allah. Bari dai in faɗa tun yanzu kafin a fara min wa'azi, tekila giya ce, haramun ce a Musulunci, ni ban sha ba kuma ba talla nake ba. Sani ne kawai.

Wai da me ake yin ta ne?

Da wani tsiro da ake kira agabe, shuɗin nau'insa kaɗai. In ka ganshi kamar alobera ce ta yi girman hauka, ganyen dogaye masu tsini. Ba ganyen ake so ba, gindin ake so. Tsiron sai ya yi wajen shekara 6 zuwa 8 a gona kafin ya nuna, sannan masu girbi, himado suke ce musu, su zo da wani ƙarfe mai faɗi da kaifi a bakin doguwar sanda su sassare ganyen har sai gindin ya fito sak abarba, shi ya sa ma da Sifaniyanci sunansa ke nan, abarba, sai dai wannan abarbar ɗaya tana iya fin buhun siminti nauyi. A gasa shi ya yi zaƙi, a matse ruwan, a barshi ya tsima, a tace ta tururi sau biyu. Shi ke nan.

Ko ina za a iya yin ta?

A'a. Tekila sunan gari ne a jihar Jalisco ta Meziko, kusan kilomita 60 daga birnin Guadalajara, kuma tun 1974 gwamnatin Meziko ta kare sunan da doka. Jalisco da wasu yankuna na jihohi huɗu, Guanajuato da Michoacán da Nayarit da Tamaulipas, nan kaɗai. Ko da agaben ka shuka a wata ƙasa ka bi duk yadda suke yi, ba ka da ikon rubuta tekila a kwalbar. A 2006 ma UNESCO ta sa gonakin agaben yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

To kofuna huɗun nan meye bambancinsu?

Tsawon zaman da ta yi a gangar katako ne. Na farko blanco, fara, ba ta shiga ganga ba ko kuma ba ta kai wata 2 ba. Sai reposado, wadda ta huta, daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara. Sai añejo, shekara 1 zuwa 3 a gangar katako da ba ta wuce lita 600 ba. Sai extra añejo, shekara 3 zuwa sama, wannan rukunin ma sai 2006 aka ƙirƙiro shi. Kalar daga katakon take fitowa, haka ƙamshin da suke cewa kamar banila ko alawa. Daga fara suke farawa su gangara zuwa mai duhu, dan in ka fara da mai duhun harshenka ya riga ya cika, ba za ka ji komai a farar ba.

Kenan mai duhun ta fi kyau tunda ta fi tsada?

Nan ne gardamar ta kaure a teburinmu. Akwai wata abokiyar aikinmu 'yar asalin Jalisco, ita ta tsaya kai da fata cewa in kana son sanin kamfani ya iya aiki ko bai iya ba, fararsa za ka ɗanɗana, saboda babu inda zai ɓuya. Ganga tana rufa asiri, in agaben bai nuna ba ko an yi gaggawa wajen gashi, katako zai lulluɓe. Kuma ni ko ban sha ba na ga hankali a maganarta, kamar dai mai shayi ne, in ya labta madara da suga ba za ka taɓa sanin ko ganyen nasa na kirki ba ne.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, dokar ta yarda a ƙara wa wadda ta zauna a ganga abubuwa har kashi 1 cikin 100 ba tare da an rubuta a kwalba ba, kalar karamel, ruwan suga, gilisarin, da ɗanɗanon katako. Kashi 1 kamar ba komai amma ya isa ya sa abu ya yi duhu ya yi santsi a maƙogwaro mutum ya ɗauka shekaru ne. Na ga abokiyar aikin tamu ta ɗiga kaɗan a tafin hannu ta murza ta jira ya bushe, wai in hannun ya yi danƙo akwai alamar an yi ƙari. Ba gwajin kimiyya ba ne, dabarar mashaya ce kawai.

Me suke dubawa a jikin kwalba?

Abu biyu. Na ɗaya ko an rubuta 100% agave. In babu wannan rubutun to gauraye ce, doka ta yarda kashi 51 kawai ya zama sugan agabe, sauran 49 a cika da wani suga kamar na rake. Na biyu wata lamba mai harufa NOM da lambobi huɗu, ita ke nuna masana'antar da aka yi ta. Abin dariyar shi ne sunayen tekila sun ninninka masana'antu yawa, sai ka ga sunaye da dama, wannan mai araha wancan mai tsada, duk lambarsu ɗaya, wato rufi ɗaya suka fito.

To ina tsadar take fitowa?

Wani ɓangaren gaskiya ne. Shekara 7 kana jiran tsiro ba wasa ba ne, kuma masu yin ta tsohon yayi a murhun bulo suke gasawa a hankali kwana da kwanaki, wasu har yanzu da wani ƙaton dutse mai zagayawa suke niƙa, tahona. Manyan kamfanoni kuwa akwai masu injin da yake zuƙe sugan daga ɗanyen agabe cikin sauri, an rage kuɗi da lokaci, su kuma masu ɗanɗano sun tsani abin. Har ƙasar noma suna lissafawa, wai agaben tudu wajen garin Arandas mai jar ƙasa ya fi zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, na kwari kusa da garin Tekila ya fi yaji da ƙamshin ƙasa.

Sauran kuwa suna ne da kwalba. Tekilar Casamigos ta ɗan fim George Clooney a 2017 kamfanin giya na Diageo ya saye ta a cinikin da ya kai har dala biliyan 1, a 2018 kamfanin giya na Bacardi ya mallaki tekilar Patrón da aka yi wa kuɗi dala biliyan 5.1. Wannan kuɗin ai a jikin mai saye za a fanshe. Doguwar kwalbar tangaran ɗin nan fara mai zanen shuɗi da ake ɗagawa sama da tartsatsin wuta a kulob-kulob na Legas, Clase Azul ke nan, da hannu ake zana ta, kuma wanda ya yi odarta a wajen ba ɗanɗano ya saya ba, so yake a juyo a kalle shi.

Gishiri da lemun tsamin da ake gani fa?

Masu ɗanɗano ba sa yi. A wajensu wannan na mai arahar ne, a lashi gishiri a kwankwaɗe a tsotsi lemun tsami dan kar a ji ɗacin. Mai tsadar a kofi mai ɗan tsukakken baki ake zubawa, ba ƙanƙara, a juya a sunsuna baki a ɗan buɗe saboda ƙarfin barasar, a kurɓi kaɗan. Ƙarfin ba kaɗan ba ne, doka ta sa tsakanin kashi 35 zuwa 55 cikin 100, yawanci 38 ko 40, tsada ba ta rage wa hanta aiki ko kaɗan. A Meziko wasu suna haɗawa da wani jan ruwa mai yaji da tsami, sangrita, shi babu giya a ciki, kurɓa nan kurɓa can.

Da gaske akwai tsutsa a ciki?

Babu. Wannan a wasu kwalaben mezcal ne, 'yar uwarta da aka fi yi a jihar Oaxaca ta Meziko da agabe iri-iri, wadda ake gasawa a rami shi ya sa take warin hayaƙi.

Ruwan zaƙin agabe da ake sayarwa kamar zuma shi ma giya ne?

A'a, shi ba a barshi ya tsima ba, suga ne kawai daga tsiron, ana sa shi a shayi. Akwai shi a kicin ɗina yanzu haka, sai dai a gaskiya zumar gida ta fi shi.