Shiga kwamfuta daga nesa: me ake nufi, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Lokacin haɗa makin ƙarshen zango ne, wani abokina malamin lakwal da aka tura aiki Gure ya kira ni bayan sallar isha'i. Takardar da ya shigar da makin ɗalibansa ta birkice, jimilla ta ƙi fitowa daidai, kuma washegari zai miƙa ta. Mun shafe minti goma ina cewa danna nan, yana cewa bai ga nan ɗin ba. Sai na ce, "Malam, haɗa ta da intanet ɗin wayarka, zan shigo in duba." Ya yi jim, sannan ya ce, "Ka shigo ta ina? Kana Zangon Damagaram, ina Gure." Tsakaninmu ya fi kilomita 150, tambayarsa kuwa tana kan hanya.

Wannan kalma ta shiga daga nesa ta yi yawa yanzu a bakin masu gyaran kwamfuta na Damagaram da ɗaliban Jami'ar André Salifou. A kwamfutocinmu da aka saita da Faransanci za ka gan ta da sunan Bureau à distance ko Assistance rapide. Abin da take nufi shi ne mutum ya zauna gaban tasa kwamfutar, ya ga fuskar taka kamar yana gabanta, ya motsa kibiya, ya yi rubutu, ya buɗe ya rufe, alhali yana wata unguwa ko wata ƙasa.

Babban abin da ke tashi daga wurinka ya koma wurinsa hoto ne. Manhajar da ke kwamfutarka tana ɗaukar hoton fuskarta sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ta matse shi, ta aika. Don kada ta cinye mega, ba ta sake aika dukkan hoton kowane lokaci, sai gurbin da ya canza. Daga can kuma abin da ke zuwa ɗan kaɗan ne: an danna harafi kaza, an kai kibiya wuri kaza. Aikin kansa a na'urarka ake yin sa. Shi ya sa in kwamfutarka mai nawa ce, ko da wanda ya shigo sabuwa dal gare shi, nawar nan zai tarar. In kuran ya ɗauke a gidanka kuma batirin ya mutu, shi ke nan, ƙofa ta rufe. Wannan ya bambanta da kiran bidiyo na WhatsApp da ake haska fuskar kwamfuta da waya. A can kallo kawai ake yi. A nan an miƙa linzami.

Fasahar ba ta jiya ba ce. A 1998 wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle a Kambirij ta Ingila ya fitar da wani tsarin shiga daga nesa mai suna VNC, a shekarar kuma Microsoft ta fito da nata tsarin mai suna RDP. Dukansu biyu an gina su da tunanin ofis, inda kwamfutoci ke kan layi ɗaya, kowace ta san adireshin ƴar'uwarta. Da zarar an ce a ratsa intanet, sai rigima ta taso, kuma a nan ne masu koyon abin daga tsofaffin bayanai ke kwana ba su gama ba.

Kowace na'ura da ke intanet tana buƙatar adireshi na lambobi. Tsohon tsarin adireshin, wanda har yau shi ya fi yawa, bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, na'urorin duniya kuwa sun zarce haka tuntuni. Sai kamfanonin wayar salula suka koma tara dubban masu layi bayan adireshi ɗaya. Ka ɗauka irin babban gidan nan ne na Birni mai zaure guda da sassa barkatai. Wanda ke ciki in ya aiki yaro kasuwa, yaron ya san sashen da zai komo. Amma baƙon da ya tsaya ƙofar zaure riƙe da sunan gidan kaɗai, bai san wa zai nema ba, kuma babu mai shigar da shi. Haka kwamfutar abokina take a Gure: tana iya fita ta nemo abu a intanet, amma ba a iya nemo ta daga waje.

Tsohuwar dabarar ita ce a je wa na'urar raba intanet ta gida a ce mata, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 3389, ta RDP, ko mai lamba 5900, ta VNC, ki kai shi wurin wannan kwamfuta. Wannan na yiwuwa ne in kana da adireshinka na kanka, kuma na'urar tana hannunka. Mai jona kwamfuta da wayarsa ba shi da ko ɗaya. Ga shi kuma Windows na gida, wanda ake rubuta wa Famille, ba ya karɓar baƙo ta RDP, sai Pro. Ko da duk sun samu, ni ba na ba kowa shawarar yi. Akwai na'urori da aikinsu dare da rana shi ne zagaya intanet suna taɓa ƙofar 3389 suna gwada kalmomin sirri. A watan Mayun 2019 an bayyana wata ɓaraka a RDP na tsofaffin Windows, wadda aka laƙaba wa BlueKeep, da ke ba ɓarawo damar shiga ba tare da kalmar sirri ba ma. Windows 7 na cikin waɗanda abin ya shafa, kuma ka leƙa shagunan buga takardu na garin nan ka ga yawan masu amfani da shi har yanzu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ina dalilin tsaga shi da hannunka?

Hanyar da ta dace da mu ita ce ta fatoma. Fataken da ke sauka Zango a da ba su san masu sayen hajarsu ba, masu saye ba su san su ba, amma kowa ya san gidan fatoma, can ake haɗuwa. TeamViewer, wanda ya fito a 2005, kamfaninsa na garin Göppingen na Jamus, da AnyDesk na Stuttgart da aka kafa a 2014, da Chrome Remote Desktop na Google, duk haka suke aiki. Kwamfutarka ta fita ta je babbar kwamfutar kamfanin ta ce ga ni, a ba ta lamba. Tawa ma ta fita ta ce ina neman mai lamba kaza. Da yake dukanmu fita muka yi, zaure bai tare kowa ba. In hanya ta samu, fatoman ya haɗa mu ya ja gefe. In ba ta samu ba, komai ta hannunsa zai riƙa bi, a kulle da makullin lissafi yadda mai leƙe a hanya ba zai karanta ba.

A daren nan AnyDesk muka ɗauka, don ƙarami ne kuma yana tashi ko ba a girka shi ba. Na sa Malam ya sauke shi daga shafin kamfanin kansa, ba daga wani kwafin da ake turawa a WhatsApp ba. Ya buɗe, lamba ta bayyana a sama, tara ce ko goma gwargwadon na'ura, ya karanto mini ta waya. Na rubuta. Sai wata taga ta fito a gabansa da sunan na'urata, da wurin karɓa da wurin ƙi. Wannan tagar ita ce sallama. In bai amsa ba, ina waje. A jikinta akwai ƙananan alamomi da yake iya kashewa: ya bar ni in gani amma ya hana ni taɓawa, ko ya hana ni ɗaukar takarda daga wurinsa.

Mai Windows 10 ko 11 yana da Assistance rapide, kuma a can abin juye yake: mai taimakon ne ke samun gajeriyar lamba mai gurbi shida ya karanta wa mai neman taimako, kuma tana mutuwa bayan minti goma. Ta Chrome gurbi 12 ce, minti biyar take yi.

Abu uku suka ba mu wahala, kuma na san za su ba wasu. Na fari madannai. Kwamfutar Malam daga Kano aka sayo ta, jerinta na Ingilishi ne, QWERTY. Tawa ta Faransanci ce, AZERTY. Na danna A, Q ta fito a can. Lambobi kuwa, da yake a tawa sai an haɗa da maɓallin manyan baƙaƙe, suka zama wasu alamomi. A rubutu na fili za ka gani ka gyara, amma a gurbin kalmar sirri ɗige-ɗige kawai kake gani, sai ka yi ta zargin abokinka da mantuwa alhali madannai ne suka saɓa. Akwai wurin sauya wannan a manhajar, amma mafi sauƙi shi ne mai kwamfutar ya rubuta kalmarsa da kansa, wanda dama shi ne daidai. Na biyu, duk lokacin da Windows ya fito da tagar nan mai neman izinin mai gida kafin a girka wani abu, hannuna ya daina aiki, sai shi ya danna Oui. Na uku mega. Kwamfuta na jin intanet sai ta fara sauke sabuntawarta a ɓoye, hoton ya riƙa tsayawa, kuɗin Malam na ƙonewa. Muka gaya wa Windows cewa wannan layin na awo ne, na rage kyan hoto, aka samu sauƙi. Inda rezo ke rawa, gara hoto mai dishi-dishi da ke motsi da mai kyau da ya daskare.

Shiga daga nesa iri biyu ce, kuma mutane na kiran su da suna ɗaya, abin da ke damuna ke nan. Akwai wadda na bayyana: kana zaune, an yi sallama, ka amsa, kana kallon duk inda kibiya ta nufa, in ka ga abin da bai kwanta maka ba ka danna ka katse. Akwai kuma wadda ake girka manhajar ta zauna, a sa mata kalmar sirri ta dindindin, yadda mai kalmar zai shigo ko kana barci, muddin na'urar na kunne kuma tana kan intanet. Ta biyun tana da amfaninta. Ɗan kasuwar da ya tafi Yamai, kusan kilomita 900, yana iya duba lissafin shagonsa na Kasuwar Dole daga masauki. Wanda ya saya wa mahaifinsa kwamfuta, tsohon kuma ba ya iya karanto lamba, yana iya kula da ita daga duk inda yake. Amma wannan miƙa makullin ɗaki ne, ba amsa sallama ba. Na taɓa karɓar kwamfutar wata ƴar'uwata da ta dawo daga wurin wani mai gyara, na tarar an bar mata irin wannan ƙofa a buɗe, ita ba ta sani ba. Wataƙila don sauƙin aikinsa ya yi, ban ce ya yi niyyar cuta ba. Amma hotunan iyalinta na ciki, da takardun aikinta, kuma ba a tambaye ta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar.

Ƴan damfara ma wannan ƙofa suke so, kuma ba sa fasa ta, roƙo suke a buɗe musu. A kira ka a ce daga banki ne, ko daga kamfanin waya, ko an ga cuta a na'urarka, ka sauke manhaja kaza ka karanto lamba a gyara maka. Manhajojin nan suna aiki a wayar Android ma, inda saƙon lambar tabbatarwa ke shigowa, inda manhajar aika kuɗi take. Wanda ke ganin fuskar wayarka yana ganin lambar nan lokacin da kake ganinta. Manhajar ba ta yi laifi ba, mai gida ne ya amsa sallamar wanda bai sani ba. Abin da nake gaya wa ƙannena shi ne, in ba kai ka nemi taimakon ba, kuma ba ka san muryar mai magana ba, kada ka karanta wa kowa lamba.

Mai shiga shi ma akwai abin da ke wuyansa. Ni ina barin waya a kunne har in gama, ina faɗin abin da zan taɓa kafin in taɓa: "Malam, zan buɗe wannan jakar, in buɗe?" Ba na leƙa hotuna, ba na karanta saƙon da ya faɗo a gefe. A tuna kuma abin da ka kwafa a taka na'urar yana iya tsallakawa tasa, nasa ma ya tsallako taka, in ba a kashe wannan izinin ba. Sannan kyautar da TeamViewer da AnyDesk ke bayarwa ta taimakon ƴan'uwa da abokai ce. Wanda ya mai da abin sana'a ana so ya sayi lasisi, kuma TeamViewer kan riƙa katse wanda ya zarga da kasuwanci. Mai shagon da ba ya son wannan yana iya duba RustDesk, wanda rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake ga kowa, har mutum na iya kafa nasa fatoman.

Matsalar Malam ƙarama ce ashe. A wasu gurabun ya rubuta maki da ɗigo, a wasu da waƙafi, manhajar kuma ta Faransanci ce, waƙafi ta sani, sai ta ɗauki masu ɗigon a matsayin rubutu ta tsallake su wajen tarawa. Na gyara biyu yana kallo, ya ce in dakata, ya gyara sauran da hannunsa, jimilla ta fito. Na ce masa ya danna wurin katsewa da kansa don ya san inda yake, ya danna, fuskar kwamfutarsa ta ɓace daga gabana. Ya tambaya ko ya goge manhajar. Na ce tunda ba mu girka ta ba, rufe ta ya isa, lambar kuma ya rubuta ta a bayan littafinsa, ƙarshen zango mai zuwa ba nisa.