Tsohuwar kwamfuta ba ta bola ba ce

A shagunan gyara na nan Bauchi sau da yawa za ka ji an ce, "Malam, wannan ta tsufa, sai bola." Maganar tana damuna, domin yawanci injin lafiyarsa ƙalau, manhajar da aka ɗora masa ce ta fi ƙarfinsa. Alal misali, Windows 11, babbar manhajar Microsoft mai tafiyar da kwamfuta, tana buƙatar wani ƙaramin sashen tsaro a cikin injin mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutocin ofis da yawa ba su da shi.

Na tsinci wata da aka yasar, na hure ƙurar da ta toshe fankarta, na sa mata Lubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'i marasa nauyi na Linux (babbar manhajar da ake sawa a madadin Windows), ta filashi. Kyauta ce, kuma halal, ba ta sata ba. Yanzu a kanta ƙanwata take buga aikin makaranta da manhajar rubutu ta LibreOffice.