Allo biyu ko uku a kwamfutar tebur: Windows, Mac ko Linux?

Wace babbar manhaja ce ta fi ɗaukar allo da yawa?

Kafin a je ga manhaja, juya kwamfutar ka dubi bayanta. Yawan allon da za ta ɗauka yana hannun katin hoto ne da ramukan da ke jikinsa: HDMI, DisplayPort, ko tsohon VGA mai shuɗin baki. Katin Intel da ke zuwa a cikin firosesa yakan ɗauki allo uku, sababbin kuma har huɗu. Katunan GeForce na Nvidia a huɗu suke tsayawa, AMD kuwa tun 2009 ta fito da fasahar Eyefinity, wadda kan kai shida a wasu katuna. Su manhajojin duk sun daɗe da iya wannan aiki. Kwamfutar Macintosh II ta Apple ta yi shi a 1987, Windows 98 ta biyo baya. Bambancinsu yana wajen daɗin zama ne a gaban allunan.

Akwai asarar da nake son mutane su daina yi: sayen 'yar na'urar nan da ke raba HDMI ɗaya gida biyu. Hoto ɗaya take kwafa zuwa alluna biyu, ba ta ƙara maka filin aiki ko taƙi ɗaya.

Me ya sa ake yawan cewa Windows ta fi sauƙi?

Saboda masu ƙera katin hoto da ita suke fara gwada direbobinsu, wato manhajojin da ke sa katin aiki. Ka jona allo, ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Extend, shi ke nan. In ka haɗa maɓallin Windows da Shift da kibiya, tagar da kake aiki a ciki za ta tsallaka ɗaya allon. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta magance wani tsohon ciwon kai: a da, da zarar allo ɗaya ya mutu sai duk tagogi su taru a ɗayan, ka koma jera su da hannu. Yanzu tana tuna inda kowace take, ta mayar da ita idan allon ya dawo.

Sai dai tana da sharaɗi. In firosesan Intel ne, tana neman na ƙarni na 8 zuwa sama, da kuma na'urar tsaro ta TPM 2.0, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai shirin sayen Dell ko HP ta hannu ya tambayi wannan kafin ya biya.

Mac fa, tunda ana yabonta a aikin zane da bidiyo?

Yabon da gaskiyarsa, in akwai kuɗi. Tun daga Mavericks, sigar manhajar Mac ta 2013, kowane allo yake da nasa layin umarni a sama da nasa shafukan aiki, kana iya sauya na hagu ba tare da na dama ya motsa ba. A Windows kuwa dukkansu tare suke sauyawa. Amma Apple ce ke yanke maka adadi, babu zancen ƙara kati. Mac mini mai firosesan M1 ta 2020 allo biyu take ɗauka, mai M4 ta 2024 kuma uku. Kuma allunan da ake jona wannan a bayan wancan ta wayar DisplayPort, macOS hoto ɗaya take nunawa a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutu. Daga sigar Mojave a 2018 Apple ta kashe dabarar da ke gyara gefen haruffa a allo mai ƙarancin ɗigo, don haka a kan allon 1080p rubutu yakan fito dishi-dishi. Wanda zai wuni yana karatu zai ji a idonsa.

An ce Linux wahala ce. Har yanzu haka ne?

Ya danganta da wace Linux ake nufi. Tsarin nuna hoto iri biyu ne a cikinta. Tsohon, X11, tun 1987 yake, kuma kallon dukkan allunanka yake a matsayin shimfiɗa ɗaya mai faɗi. In allunan iri ɗaya ne, lafiya lau. In kuwa ɗaya 4K ne mai yawan ɗigo, ɗaya 1080p, to girman rubutun da ya dace da wannan zai yi wa wancan yawa ko kaɗan. Haka in ɗaya yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa ɗaya kuma sau 60, sau da yawa mai saurin ne ke komawa tafiyar mai nawar.

Sabon tsarin, Wayland, kowane allo yana ba shi nasa lissafi. A cikin nau'o'in Linux, Fedora ta koma kansa a 2016, Ubuntu a 2021; KDE, ɗaya daga fuskokin Linux, kuma da Plasma 6 a Fabrairun 2024. A KDE kana iya sa wa kowane allo nasa layin ƙasa da nasa hoton bango. GNOME, wata fuskar, ta fi taƙaitawa, layinta na sama a babban allo kaɗai yake zama. Masu katin Nvidia sun daɗe suna fama da ƙyaftawar hoto a Wayland, sai da direba mai lamba 555 ya fito a 2024 abin ya lafa. Da katin AMD ko Intel kuwa direban yana cikin Linux ɗin tun farko.

Allunana ba iri ɗaya ba ne, ɗaya tsoho ɗaya sabo. Ina zan dosa?

Nan ne ake gane manhaja. Windows tana ba kowane allo nasa girman rubutu tun daga 8.1 a 2013, ko da yake wasu tsofaffin manhajoji kan yi hazo idan ka ja su daga wannan allo zuwa wancan. KDE a kan Wayland ta kamo ta a wannan fage, kuma ba ruwanta da sharaɗin TPM.

Wuta fa?

Allon LED mai inci 24 yakan ci wat 20 zuwa 30. Mai aiki da sola ko inbata ya sa wannan a lissafinsa kafin ya ƙara na uku.

To kai wacce za ka zaɓa?

In kwamfutar ta cika sharaɗin Windows 11 kuma aikin ofis ne ko Photoshop, ita zan ɗora, in ƙara mata FancyZones na cikin manhajar PowerToys ta Microsoft don yanka kowane allo gida-gida yadda nake so. In tsohuwa ce da Windows 11 ta ƙi karɓa, Fedora mai KDE zan sa mata, amma sai na fara kunna ta daga filasha da allunan duka a jone, na ga kowanne ya kama kafin in taɓa abin da ke cikin kwamfutar. Mac kuwa ba zan saya don allo da yawa ba sai in aljihuna zai ɗauki allunan 4K tare da ita.