Waiwaye: daga zanga-zangar matan Yamai zuwa gidajen Adar

Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai, saboda a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa mace ɗaya tak aka saka a cikin maza. Ba su watse ba sai da aka ƙara musu kujeru, kuma wannan rana ce ta zama ranar matan Nijar. Kafin nan mata suna da ƙungiyarsu ta AFN, wato Ƙungiyar Matan Nijar, tun 1975, amma gwamnatin Seyni Kountché ce ta kafa ta, saboda haka muryarta ba ta wuce inda masu mulki suka yarda.

Doka ta biyo baya a hankali. A 2000 aka ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, a 2019 kuma aka ɗaga su zuwa 25 da 30. Sai dai abin da ya shafi cikin gida ya gagara: daftarin dokar iyali ya tsaya a 1994 bayan adawar ƙungiyoyin addini, kuma a 2006 majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta kare haƙƙin matan Afirka.

A nan ƙasar Adar, cikin jihar Tawa, ni a ganina, ba doka ce ta fi sauya al'amura ba, tafiya bida ce. Da an gama girbi maza su kama hanyar Abijan ko Libiya ko Nijeriya, wasu sai shekara biyu ba a ga ƙeyarsu ba. Matar da aka bari ita ke auna hatsin rumbu, ita ke sayar da akuya idan yaro ya kwanta ciwo, ita ke zuba adashe ta ja jarin ƙuli-ƙuli ko albasa. Nauyin maigida ya koma kanta, amma gonar da take nomawa ba tata ba ce, kuma saki yana nan a bakin mijin da ke nesa. Wannan giɓi ne ya fi damuna.

Daga yankin Konni na wannan jiha ne kuma Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ta biyar, ta kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. A Oktoban 2008 kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa.