Yadda shafukan intanet ke gane masu amfani da Tor

Tor hanyar sadarwa ce da ke ɓoye wa shafin intanet adireshin IP na wanda ya ziyarce shi, wato lambar da ake gane na'urarsa da ita a intanet. Asalinta wani bincike ne da aka yi a cibiyar bincike ta sojojin ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990. An fitar da manhajar a 2002, aka kafa ƙungiyar Tor Project a 2006. Duk wanda ya shiga shafi ta Tor, saƙonsa kan bi ta kwamfutoci uku na 'yan sa-kai, kowacce ba ta san komai ba sai wadda ta miƙo mata da wadda za ta miƙa wa. Ta ƙarshen ake kira tashar fita, kuma adireshinta ne kaɗai shafin ke gani.

Shafi ba ya iya sanin ko wane ne baƙon nasa cikin sauƙi, amma sanin cewa ta Tor ya shigo ba shi da wuya ko kaɗan. Jerin tashoshin Tor a bayyane yake, ana sabunta shi kowace sa'a, domin manhajar kowa na buƙatarsa wajen zaɓar hanya. Tor Project da kanta tana wallafa jerin tashoshin fita, tana kuma da ExoneraTor, inda ake duba ko wani adireshi ya kasance tashar Tor a wata rana. Mai shafi kawai zai gwada adireshin baƙo da wannan jeri. Akwai tashoshin da ba a wallafawa, waɗanda ake kira gada, sai dai ƙofar shiga ce, amfaninsu shi ne kauce wa toshewar gwamnati ko kamfanin sadarwa. Shafin da ke can ƙarshe tashar fita dai zai gani.

Wata hanyar kuma ita ce tattara alamomin burauza, kamar faɗin allo, nau'in haruffa da lokacin agogo. Tor Browser, burauzar da ake shiga Tor da ita, na ƙoƙarin sa duk masu amfani da shi su yi kama da juna, har tun 2019 yana daidaita girman tagar shafi zuwa wasu ma'aunai kaɗan. Wannan na hana a ware mutum ɗaya, amma kamannin kansa alama ce ta Tor. Wanda kuma ya shiga asusunsa da sunansa, ya riga ya gabatar da kansa. A Disamban 2013 an kama wani ɗalibin Jami'ar Harvard da ya aika saƙon barazanar bam ta Tor, saboda an duba waɗanda suka yi amfani da Tor a intanet ɗin jami'ar a daidai lokacin.

Matsalar da ta fi damun masu amfani da Tor ita ce yadda ake karɓarsu. Dubban mutane na fita ta tasha ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu ya watsa saƙonnin banza ko ya yi yunƙurin kutse, adireshin zai shiga jerin baƙin suna, sauran duk su sha hukuncin, wake ɗaya ya ɓata gari. Wasu shafuka sukan rufe ƙofa gaba ɗaya, wasu su riƙa kawo gwajin CAPTCHA a kai a kai, mutum ya yi ta zaɓar hotuna don ya nuna shi ba na'ura ba ne. Wikipedia tana barin kowa ya karanta ta Tor, amma ta hana gyara sai ga wanda ya nemi izini na musamman. Wani bincike da Sheharbano Khattak da abokan aikinta suka gabatar a 2016 ya gano cewa kashi 3.67 cikin ɗari na manyan shafuka 1,000 na toshe masu Tor, kuma yawancin toshewar daga kamfanonin da ke tsare shafukan take fitowa.

Cloudflare, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke tsare shafuka, shi ne ya fi shan suka a kan haka, saboda yawan shafukan da ke bayansa. A Maris 2016 kamfanin ya ce kashi 94 cikin ɗari na buƙatun da ke zuwa masa daga Tor na cutarwa ne, Tor Project ta ƙalubalanci yadda aka yi lissafin. Masu shafi suna da hujjarsu, domin adireshin IP ne babban abin da suke korar maɓarnaci da shi. Amma wanda ake wahalarwa sau da yawa ɗan jarida ne, ko mai gudun sa-idon hukuma, ko mutumin ƙasar da aka toshe wa labarai, kuma shi ba shi da wata hanyar. Daga baya Cloudflare ya tallafa wa Privacy Pass a 2017, wanda ke rage maimaita gwajin ba tare da bayyana mutum ba, a 2018 kuma ya buɗe hanya ta musamman ga masu Tor.

Wasu shafukan sun buɗe adireshin da ke ƙarewa da .onion, wanda ake kaiwa gare shi ba tare da tashar fita ba. Facebook ya yi haka a 2014, jaridar New York Times a 2017, BBC a 2019. A Afrilun 2016 Facebook ya ce mutanen da ke shiga ta Tor sun haura miliyan 1 cikin kwana 30.