Gwamnati na da hurumin tilasta maka sayen inshorar lafiya? Yadda ta kaya a Amurka

Mutum ne zaune a gidansa, lafiyarsa ƙalau, bai saya ba bai sayar ba, bai taka kowa ba. Shin gwamnati za ta iya ce masa tashi ka je ka sayi inshorar lafiya wurin kamfani, in ka ƙi kuma za ka biya? Wannan tambayar sai da ta ci shekara biyu ana tafka shari'a a kanta a Amurka har Kotun Ƙoli, kuma amsar da alƙalan suka bayar a ƙarshe e ce kuma a'a ce a lokaci guda, shi ya sa har yau in ana gardama a kai kowane ɓangare sai ya ce ai shi kotu ta ba gaskiya.

Dokar dai ita ce wadda ake kira Obamacare, Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu ranar 23 ga Maris 2010. Kafin ita, yawancin Amurkawa ta wurin aikinsu suke samun inshora, tsofaffi daga shekara 65 gwamnati ke ɗaukar nauyinsu ta shirin Medicare, wasu talakawa kuma ta Medicaid, sai aka bar mutane fiye da miliyan 40 a tsakiya ba su da komai, alhali asibiti a Amurka tsada gare shi kamar me. Kuma kamfanonin inshora suna da damar su dubi mai ciwon suga ko wanda ya taɓa yin ciwon daji su ce ba za mu ɗauke ka ba, ko su lafta masa kuɗin da suka san ba zai iya ba. Sai dokar ta ce daga 2014 ba ku da ikon korar kowa don yana da ciwo, kuma ba za ku ƙara masa kuɗi saboda ciwon ba.

To fa, nan matsala ta ɓullo. In ba za a kori mai ciwo ba, me zai sa saurayi mai jini a jika ya riƙa biya duk wata? Ai sai ya bari sai ranar da ciwo ya kwantar da shi sannan ya ruga ya yi rajista. Adashi kenan da kowa ke jiran kwasa babu mai son zubi, kuma kowa ya san inda irin wannan adashin yake ƙarewa. Don haka aka saka sharaɗi: daga 2014 kowa ya mallaki inshora, wanda ba shi da ƙarfi gwamnati ta tallafa masa, wanda yake da hali ya ƙi kuma ya biya wani abu lokacin da yake cike takardun harajinsa. A 2014 dala 95 ne ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga, wanda ya fi yawa a ciki, zuwa 2016 ya kai dala 695 ko kashi 2.5 cikin 100.

Wani zai ce to mene ne abin kai ƙara a nan, gwamnati ba ita ke da ƙasa ba? A tsarin Amurka ba haka abin yake ba. Gwamnatin tarayya ba ta da ikon yin duk dokar da ta ga tana da amfani, kundin tsarin mulki ya lissafa mata abubuwan da aka ba ta, yawancinsu a sashe na 8 na babi na ɗaya: karɓar haraji, buga kuɗi, shelanta yaƙi, gidan waya, tsara kasuwanci tsakanin jihohi da sauransu. Abin da ba a lissafa ba, gyara na 10 ya ce na jihohi ne ko na jama'a. Shi ya sa lokacin da jihar Massachusetts ta yi irin wannan dokar ta dole a 2006, ƙarƙashin Gwamna Mitt Romney wanda ɗan jam'iyyar Rifablikan ne ma, ba a yi wannan rigimar ta hurumi ba, domin jiha tana da faɗin iko kan lafiya da zaman lafiyar mutanenta. Haka inshorar mota, jihohi ne suke tilasta ta, kuma ko ita ai sai ka zaɓi hawa titi da mota take hawa kanka. Wato shari'ar ba ta kan ko inshora na da kyau ko ba ta da kyau ba ce, tambayar ita ce ta wace ƙofa gwamnatin tarayya ta shigo.

Ƙofar da lauyoyin Obama suka fi dogara da ita ita ce ta kasuwanci tsakanin jihohi, kuma suna da dalili, don ƙofar nan an daɗe ana faɗaɗa ta. Akwai wani manomi a jihar Ohio, Roscoe Filburn, wanda gwamnati ta ƙayyade masa ya noma alkama eka 11 da ɗan ɗoriya (lokacin ana taƙaita noma ne don kada farashi ya faɗi), shi kuma ya noma eka 23, ya ce rarar ta amfanin gonarsa da gidansa ce, ba ta tsallaka jiha ba balle a ce kasuwanci tsakanin jihohi. A 1942 Kotun Ƙoli ta ce a'a, alkamar da ka noma ka ci ita ce wadda da ka je kasuwa ka saya, in manoma dubbai suka yi yadda ka yi farashin ƙasa gaba ɗaya zai motsa, saboda haka majalisa na da hurumi a kanka. Ka ga in har ikon ya kai ga rumbun mutum, lauyoyin gwamnati suna ganin me zai hana ya kai ga harkar lafiya da ake juya maƙudan kuɗi a cikinta. Suka ƙara da cewa babu wanda yake wajen kasuwar lafiya da gaske, kowa wata rana zai je asibiti, kuma tun 1986 akwai dokar da ta hana asibitoci korar wanda aka kawo cikin gaggawa ko da ba shi da sisi, kuɗin nan da bai biya ba kuwa a kan masu inshora ake watsa shi.

Jihohi 26 ne, Florida a gaba, tare da wata ƙungiyar masu ƙananan sana'o'i suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu gajeriya ce: Filburn ai noma ya yi, ya aikata wani abu sannan aka tsara masa yadda zai yi shi. Wannan kuwa bai yi komai ba, ana so a jawo shi kasuwa da ƙarfi ne sannan a ce ana tsara kasuwancinsa. In an yarda da wannan ina iyakar take? Gobe sai a ce rashin cin kayan lambu na jawo ciwo, ciwo na jawo kashe kuɗi, don haka kowa ya sayi burokoli (wani ɗan'uwan kabeji ne da yaran Turawa suka tsana). Kada ka ɗauka wasa ne, Mai Shari'a Antonin Scalia da bakinsa ya kawo zancen burokolin nan a zaman sauraron ƙarar, wanda aka kwana uku ana yi a Maris 2012. Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg daga baya ta mayar da martani a rubuce, a taƙaice dai tana cewa misalin bai hau ba, babu wanda ake kwasowa ranga-ranga da tsakar dare yana buƙatar kayan lambu a ba shi kyauta a ɗora wa wasu kuɗin.

Ranar 28 ga Yuni 2012 aka yanke hukunci. Alƙalin alƙalai John Roberts, wanda George W. Bush ne ya naɗa shi, ya fara da cewa masu ƙara sun yi gaskiya, ikon tsara kasuwanci na nufin akwai kasuwancin da ake yi, ba ya nufin ƙirƙiro shi ta hanyar tilasta wa mutum saye. Gidajen talabijin na CNN da Fox News suna ganin wannan shafin suka buga cewa an soke dokar, ashe ba su karanta gaba ba. Don a gaba Roberts ya juyo ya ce amma akwai wata ƙofar, ta haraji. Ya ce mu bar sunan da majalisa ta ba kuɗin nan, mu duba yadda yake aiki: hukumar haraji ke karɓa, tare da takardun haraji ake biya, ga yawancin mutane bai kai kuɗin inshorar kanta ba, kuma wanda ya zaɓi ya biya ya zauna ba inshora bai yi laifi ba, ba a kama shi ba a ɗaure shi. An ƙiyasta kimanin mutum miliyan 4 za su zaɓi biya duk shekara, ya ce da wuya a ce majalisa ta yi niyyar mayar da mutum miliyan 4 masu karya doka. Abin da ke tafiya haka haraji ne, kamar harajin da ake ɗora wa taba don a rage shanta. Da ƙuri'a 5 da 4 dokar ta tsira.

Abin dariyar shi ne ita majalisar tara ta kira shi, ba haraji ba, kuma Obama da kansa a wata hira a 2009 ya musanta cewa ƙarin haraji ne. Sannan akwai wata tsohuwar doka ta 1867 da ta ce ba a ƙalubalantar haraji a kotu sai an biya shi tukuna, wanda da an bi ta da shari'ar sai ta jira 2015, sai kotun ta ce a wajen waccan dokar ba haraji ba ne tunda majalisa tara ta ce, amma a wajen kundin tsarin mulki haraji ne. Alƙalai huɗu da suka saɓa, Scalia da Kennedy da Thomas da Alito, sun ce wannan ba fassara doka ba ce, sake rubuta ta ne, su da so samu ne a rushe dokar gaba ɗayanta. Ni a nawa ganin suna da abin faɗa kan wasan sunan nan, amma bambancin da Roberts ya yi ba na banza ba ne. In aka ce umarni ne, majalisa na iya kaiwa ga ɗauri. In haraji ne, iyakarta ta sa hannu a aljihunka, kuma shi kansa ya yi gargaɗin cewa in kuɗin ya yi yawan da ya zama azabtarwa to ya daina zama haraji.

Akwai ɓangare na biyu na hukuncin da ba a cika magana a kai ba alhali shi ya fi taɓa talaka. Dokar ta ce jihohi su faɗaɗa Medicaid ya haɗa da ƙarin masu ƙaramin ƙarfi, jihar da ta ƙi za a iya janye mata duk kuɗin Medicaid har da na da. Alƙalai 7 cikin 9 suka ce wannan ya wuce lallashi, Roberts ya kwatanta shi da ɗora wa mutum bindiga a ka. Faɗaɗawar ta koma ganin dama, jihohi irin su Texas da Florida suka ƙi, talakawansu da dama suka zauna ba Medicaid ba tallafi.

Daga baya siyasa ta yi abin da kotu ba ta yi ba. A Disamba 2017 majalisar da 'yan Rifablikan ke riƙe da ita, zamanin Trump, ta mayar da kuɗin sifili daga 2019, sharaɗin na nan a takarda amma ba ya cizo. Texas da wasu jihohi suka koma kotu suka ce harajin da ba ya tara ko kwabo ai ba haraji ba ne, don haka ƙofar ta rufe. A Yuni 2021 Kotun Ƙoli da ƙuri'a 7 da 2 ta kori ƙarar ba tare da ta taɓa gundarin maganar ba, ta ce ba ku nuna cutarwar da ta ba ku damar kawo ƙara ba. California da New Jersey da Rhode Island da birnin Washington kuma suka yi tasu dokar dolen da tarar su, tunda su hurumi bai taɓa zama musu matsala ba.

A Najeriya ma an shiga wannan layin, a Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon shirin NHIS, ta kuma ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowane ɗan ƙasa da mazaunin ƙasar. Sai dai ita ta jingina aikin ne da shirye-shiryen jihohi, irin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano da takwararta ta Kaduna, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi. A nan kalmar inshora tana cikin jerin abubuwan da kundin 1999 ya keɓe wa tarayya, don haka gardamar ƙofa ba irin ta Amurka ba ce. Inda aikin yake shi ne karɓar kuɗin: ma'aikacin gwamnati daga albashi ake cira, amma mai shayi da ɗan acaɓa da manomin da ba ya cike takardar haraji ko sau ɗaya a shekara, babu wata takarda da za a liƙa musu tarar a jiki kamar yadda aka yi wa Ba'amurke.