An Yi Bita, An Raba Satifiket: Ta Yaya Za A Gane Horon Ya Yi Amfani?

Duk wanda ya daɗe a aikin lafiya ya san yadda ake rufe taron bita. An kwashe kwanaki ana lacca kan cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, ranar ƙarshe a maimaita jarrabawar da aka yi ranar farko, maki ya tashi, a ɗauki hoto, kowa ya karɓi satifiket. Rahoto ya tafi ofis cewa an horar da ma'aikata kaza, iliminsu ya ƙaru. Babu ƙarya a ciki. Sai dai rahoton bai ce komai ba game da mutumin da zai shigo ɗakin ganin likita bayan wata shida, yana fama da zafin fitsari, yana kuma jin nauyin faɗa. Shi aka yi horon dominsa, a kansa ya kamata a auna.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace rana a duniya sama da mutum miliyan 1, masu shekara 15 zuwa 49, suna kamuwa da irin waɗannan cututtuka masu jin magani. A shekarar 2020 an samu sabbin kamuwa kusan miliyan 374 na guda huɗu kawai: klamidiya, ciwon sanyi, tunjere da tirikomonas. Akasarin masu ɗauke da su ba sa ganin wata alama, musamman mata, har sai cutar ta hau ta toshe hanyar ƙwai, ko ta jawo ciki a wajen mahaifa, ko rashin haihuwa. Ke nan sau da yawa ma'aikacin lafiya ne zai fara tayar da zancen. Idan ya yi shiru, majinyaci ya yi shiru, cuta ta ci gaba da aikinta.

A nan ne wannan fanni ya fi sauran wuya. Ma'aikaci zai iya sanin sunan kowane magani da adadinsa, amma bakinsa ya yi nauyi idan aka zo tambayar dattijo ko matar aure abokan kwanciya nawa suke da su. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tattara tambayoyin cikin rukuni 5: su wa ake tarayya da su, wace irin tarayya ake yi, wace kariya ake amfani da ita, an taɓa yin cutar a baya, akwai ciki ko niyyar ɗaukarsa. A takardar jarrabawa kowa zai jero su tsaf. A gaban mutum, ga layi ya yi tsawo a waje, ga ƙofa ba ta rufuwa, sai a ji "me ke damunka" sannan biro ya hau kati. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma fa sai mai tambaya ya iya tambaya, ya kuma samu wurin da ba kunne na uku.

Masana horo sun daɗe da lura da wannan gibi. Tun 1959 Donald Kirkpatrick, wani malami a Amurka, ya kasa auna horo mataki 4: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya canza da suka koma, sannan ko an ga sakamako a ƙarshe. A 1990 George Miller, wani masanin koyar da aikin likita, ya kawo makamancin haka ga likitoci: akwai sani, akwai sanin yadda ake yi, akwai iya nunawa a gaban malami, akwai kuma abin da mutum ke yi a bakin aikinsa na kullum. Yawancin rahotannin bita a mataki biyu na farko suke tsayawa, domin su ne masu sauƙi, ana gama su kafin a tashi daga zaure. Na farkon ma, na jin daɗi, ba na ba shi nauyi sosai. Mutumin da ya huta da layin majinyata na ƴan kwanaki da wuya ya ce bitar ba ta yi kyau ba.

To, yaya ake gano abin da ma'aikaci ke yi da gaske? Ana iya tambayarsa, amma kowa yana ganin ya fi yadda yake ƙoƙari. Ana iya duba katunan majinyata da rajista, sai dai abin da aka rubuta kaɗai za a gani, shawarar baki kuwa ba a cika rubuta ta ba. Ana iya zama a gefe a kalle shi yana aiki, kuma wannan yana da amfani, amma duk wanda ya san ana kallonsa yakan gyara zama. Ranar da mai duba aiki ya zo, har safar hannun da ba a saba sawa ba sai ta fito. Ana iya tsayar da majinyaci a bakin ƙofa bayan ya fito a tambaye shi abin da aka faɗa masa, idan ya yarda, a keɓe.

Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ta majinyacin shiri. Wani likitan jijiya, Howard Barrows, ya fara ta a 1963 a Kalifoniya don koyar da ɗalibai: a horar da lafiyayyen mutum ya haddace labarin wata cuta, ya riƙa ba da shi iri ɗaya ga kowa. Daga baya aka fara tura irin waɗannan mutane asibitoci da kantunan magani ba tare da ma'aikaci ya san ranar ba. Saurayi ne zai shigo, ya karɓi kati kamar kowa, ya zauna ya ce, "Likita, kwana uku ke nan ina jin zafi in na zo fitsari, kuma wani farin abu yana fita." Daga nan ya yi shiru. Ba zai ƙara komai ba sai abin da aka tambaye shi. Idan an tambayi yaushe ya sadu da wata, yana da amsa; idan an tambayi ko yana da mata, yana da amsa. Da ya fita sai ya cike takarda nan take: An tambaye ni tarihin tarayya? An nemi a duba ni? Wane magani aka rubuta, na kwana nawa? An ce in dakata da kwanciya har kwana 7? An ce in kawo abokiyar tarayya? An yi mini zancen kwaroron roba? An ba ni shawarar gwajin ƙanjamau da tunjere? An yi mini faɗa ko an kalle ni a wulaƙance? A Lima, babban birnin Peru, da irin wannan hanya aka auna horon da aka yi wa masu sayar da magani, aka kwatanta inda aka horar da inda ba a horar ba, aka kuma ga bambanci a aikace.

Hanyar tana da iyaka. Ba za a yi wa mai lafiya allura ba, ba za a tuɓe shi ba, don haka dole a koya masa yadda zai zame cikin ladabi idan an kai nan. Kuma adalci shi ne ma'aikata su san tun farko cewa za a iya turo irin wannan mutum wata rana, su amince. Duk da haka jerin tambayoyin nan su ne zuciyar aikin. Tun shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni biyu masu kama da su: kashi nawa cikin ɗari na masu cutar aka yi wa tambaya, aka duba, aka ba maganin da ya dace, da kashi nawa aka ba shawarar kwaroron roba da ta sanar da abokin tarayya. Zancen abokin tarayya shi aka fi tsallakewa, alhali idan an yi wa miji magani an bar matar, cikin mako kaɗan zai iya dawowa da cutar.

Inda rajista ke faɗin gaskiya sosai shi ne ɗakin awon ciki. A 2022 an ƙiyasta jarirai kusan 700,000 ne a duniya tunjere ya kama daga uwa, cutar da ke jawo ɓari, haihuwar ɗa ba rai, ko mutuwar jinjiri. Gwajin na ɗigon jini ne a yatsa, maganin allurar fenisilin ce mai suna benzatin, ana so a yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. Ɗauki rajistar wata ɗaya ka bi layi da yatsa. Mata nawa suka zo awon farko? Nawa aka gwada? Cikin waɗanda aka samu da cutar, nawa aka yi wa allura a ranar? Mazansu nawa suka zo? Ka yi wannan lissafi kafin bita, ka sake shi bayan wata 3, wata 6 da wata 12. Inda lamba ta faɗi, nan matsalar take, kuma sau da yawa za ka tarar ungozomar ta san aikinta sarai. Kayan gwaji ne suka ƙare, ko allurar ba ta cikin sito.

Wannan batu na kaya shi ake yawan mantawa, a ɗora wa horo laifin da ba nasa ba, ko yabon da ba nasa ba. Binciken Mwanza a Tanzaniya, wanda aka buga a 1995, ya shahara domin inganta jinyar waɗannan cututtuka a ƙananan asibitoci ya rage sabbin kamuwa da ƙanjamau da kusan kashi 40 cikin 100 a shekara biyu. Amma abin da aka yi a can ya wuce lacca: an horar da ma'aikata, an tabbatar magani bai yanke ba, masu duba aiki suna zagayawa a kai a kai, an kuma wayar da kan jama'a su zo da wuri. An kwatanta garuruwa 6 da aka yi wa haka da wasu 6 makamantansu. Bayan haka an yi wasu gwaje-gwajen a Rakai da Masaka a Yuganda, ba a ga raguwar ƙanjamau ba, ko da yake wasu cututtukan sun ragu. Abin da ya yi aiki a wuri ɗaya ba lallai ya yi a wani ba. Haka a Amurka: wani bincike na 1998 ya nuna zaman shawara biyu na minti 20 ya rage sabuwar kamuwa da cututtukan jima'i da kusan kashi 30 cikin 100 a wata 6 na farko, amma wani na 2013, kan gajeriyar shawara lokacin gwajin ƙanjamau, bai ga raguwa ba. Wani babban nazari na 2018 da Alexander Rowe da abokan aikinsa suka yi kan ƙasashe masu tasowa ya nuna horo shi kaɗai yana ɗaga ingancin aiki da maki kusan 10 cikin 100, idan an haɗa da duba aiki kuwa kusan 18. Ni dai duk shirin bitar da na ga ba kuɗin komawa a duba ma'aikata a wurin aikinsu, na san rabin shiri ne.

Akwai tarko guda da ke ruɗa shugabanni. Idan horo ya yi kyau, adadin masu cutar da ke cikin rahoto yakan tashi a watannin farko, domin yanzu ana tambaya, ana gwadawa, ana rubutawa. Wanda bai gane ba sai ya ce cuta ta ƙaru bayan bita. Haka kuma raguwar adadi tana iya nufin mutane sun daina zuwa saboda an bayyana sirrin wani. Shi ya sa ake buƙatar wurin kwatance da ba a horar ba tukuna. Idan ba a son a bar kowa a baya, sai a riƙa horarwa rukuni-rukuni, waɗanda ba a kai gare su ba su zama ma'auni kafin lokacinsu ya zo.

Sai kuma a tuna ilimin nan yana tsufa. Ƙwayar ciwon sanyi ta bijire wa magunguna ɗaya bayan ɗaya. Amurka ta daina ba da shawarar sifurofuloksasin dominta tun 2007, yau allurar seftiriyazon ce ginshiƙi a yawancin ƙasashe, ita ma an fara samun masu bijire mata. Ma'aikacin da ya ci jarrabawa shekara goma da suka wuce yana iya rubuta maganin da ba ya ci, da zuciya ɗaya. Mai auna horo ya kamata ya duba ko takardar ƙa'idar jinya da ke manne a bango ta yanzu ce.

Abin da aka gano kuwa a mayar wa masu aikin, ba a ofis kaɗai ya kwana ba. A zauna da su, a nuna musu lambobinsu ba tare da kiran suna a bainar jama'a ba, a tambaye su me ya hana. Za a ji abubuwan da ba su cikin kundin bita: labule ne kawai tsakanin ɗakin da layi, ko ba mace da za ta tsaya yayin duba mace, ko wanda aka horar an yi masa canjin wurin aiki tun tuni. Idan aka mayar da binciken sandar duka, rajista za ta yi kyau nan da nan, aikin kuwa yana nan yadda yake.

Ku kuma masu zuwa asibiti, kuna da hannu a wannan awo. Idan kun je da irin wannan matsala, haƙƙinku ne a yi muku tambaya a keɓe, a duba ku da izininku, a faɗa muku sunan maganin da kwanakin shansa, a yi muku tayin gwajin ƙanjamau da tunjere, a nuna muku yadda abokin tarayya zai samu magani, a kuma ce ku dawo bayan wata 3 a sake gwaji idan ciwon sanyi ne ko klamidiya. Wanda aka tsallake a cikinsu, ku tambaya kafin ku tashi daga kujera.